Shagunan gem na kwamfuta: me ya hana a haɗe su wuri guda?

Duk wanda ya ɗan jima yana buga gem a kwamfuta ya san rigimar nan. Ga Steam, ga Epic Games Store, ga EA app, ga Ubisoft Connect, ga Battle.net, ga GOG Galaxy, ga manhajar Xbox, ga ta Rockstar, kowacce da akawun ɗinta da fasawod ɗinta da jerin abokanta daban, kuma kowacce so take ta tashi tare da Windows ta je can ƙasa kusa da agogo ta zauna tana shan RAM. Har takan kai mutum ya ga an yi ragi a kan wani gem ya yi wuf ya saya, sai bayan kwana biyu ya tuna ashe yana da shi a Epic tun wata shekara da aka raba shi kyauta. Shi ya sa tambayar ba ta tsufa a bakin 'yan gem: wai me zai hana a haɗe su kawai kowa ya huta?

Matsalar ita ce in mutum goma suka ce a haɗe, ba abu ɗaya suke nufi ba. Wani so yake ya buɗe taga ɗaya ya ga duk gem ɗinsa a jere. Wani so yake in ya danna gem ya tashi kai tsaye ba sai wata manhaja ta biyu ta faɗo tana neman afdet ba. Wani kuma abin da yake nufi ya fi haka zurfi, so yake in ya saya a shago kaza ya zama nasa ne a ko'ina, ko shagon ya mutu ko ya rayu. Na farkon an gama da shi tuntuni, na biyun ana ta faci, na ukun kuwa shi ne ainihin maganar kuma nan ne kowa yake noƙewa, don kuɗi ne a ciki ba wai ilimin kwamfuta ne ya gagara ba.

Bari mu ɗan koma baya kaɗan don a gane yadda aka yi shagunan suka yi yawa haka. Kamfanin Valve ya fito da Steam a 2003, kuma lokacin ba sonta ake ba, tilas ce ta sa mutane suka saka ta a 2004 da Half-Life 2 ya fito aka ce ko da faifai ka saya sai ka yi rajista ta Steam. A hankali ta zama kasuwa, wasu kamfanonin suka riƙa kawo hajarsu, Valve na cire la'adarta ta kashi 30 cikin 100. Yi lissafin da kanka: gem na dala 60, dala 18 ta Valve ce, in aka sayar da kwafi miliyan ɗaya an tashi da dala miliyan 18 kenan. Wane babban kamfani ne zai zuba ido yana kallon wannan kuɗin na fita? Shi ya sa EA ta buɗe shagonta Origin a 2011 ta hana Battlefield 3 zuwa Steam, Ubisoft ta riƙe Uplay (wadda daga baya ta koma Ubisoft Connect), Activision ta kwashe Call of Duty ta kai Battle.net a 2018, Bethesda ma a shekarar ta saki Fallout 76 a tata manhajar. Kowa tasa ta fisshe shi. Kuma ba la'ada kaɗai ba ce fa, wanda ka yi rajista a wurinsa shi ke da imel ɗinka, shi ya san me kake bugawa da awa nawa kake yi a kai, shi zai tallata maka na gaba.

Sai Epic ta shigo a Disambar 2018 da kuɗin Fortnite cike da aljihu, ta ce ita kashi 12 kawai za ta karɓa. 'Yan kwanaki kafin nan Valve ta riga ta sassauta wa manya, gem ɗin da ya wuce dala miliyan 10 a ciniki la'adarsa ta koma kashi 25, wanda ya wuce miliyan 50 kuma kashi 20, ƙananan masu haɗa gem dai suna nan a 30 ɗinsu. Epic ta san ragin la'ada mai haɗa gem yake burgewa ba mai saye ba, don haka ta biyo ta hanya biyu: rabon gem kyauta duk mako, da biyan kamfanoni kuɗi su hana gem ɗinsu zuwa Steam na wani lokaci. Metro Exodus shi ne wanda ya fi tayar da ƙura, a farkon 2019 ana saura 'yan makonni ya fito, mutane har sun fara biya a Steam, aka janye shi aka kai Epic na shekara guda. Borderlands 3 wata shida. Ranar da aka raba GTA V kyauta a Mayun 2020 kuwa shagon ma gaba ɗaya ya durƙushe saboda cunkoso. Kuma duk wannan hidimar ana yinta ne a shagon da ko kwandon saye bai samu ba sai Disambar 2021, wato shekara uku in kana son gem biyar sai ka biya sau biyar.

To a wannan hargitsin ne masu haɗe jeri suka samu kasuwa. GOG, shagon da CD Projekt na Foland ya kafa a 2008, ya sanar da Galaxy 2.0 a 2019 da alƙawarin duk gem ɗinka da duk abokanka wuri ɗaya. Akwai Playnite, kyauta ce kuma lambobinta a buɗe suke kowa na iya dubawa ya ƙara nasa, wani ɗan ƙasar Cek ne ya fara ta. Masu amfani da Linux a maimakon Windows suna da Lutris da Heroic. Ita ma Microsoft a 2025 ta sa manhajar Xbox ta fara nuna gem ɗin da ka saka daga Steam da Battle.net da sauran shaguna, musamman saboda 'yar na'urar hannun nan ROG Xbox Ally da suka yi da Asus, don a ƙaramin gilashi da kontrola ba wanda zai jure tsalle daga wannan taga zuwa waccan.

Amma yana da kyau a ga yadda suke aikin nan daga ciki, don a nan ne ake gane iyakarsu. In ka shiga folda ɗin Steam, cikin steamapps, za ka ga wasu 'yan ƙananan fayiloli masu suna appmanifest da lamba a gaba, kowanne na gem ɗaya ne, in ka buɗe da Notepad rubutu ne zalla: sunan gem, lambarsa, inda aka ajiye shi, girmansa. Epic ma tana da irin nata a cikin ProgramData. Abin da Playnite da 'yan uwanta suke yi shi ne su bi su karanta waɗannan fayilolin, su nemo hoton bango da bayanin gem daga intanet, su jera maka su tsaf gwanin sha'awa. In ka danna ka ce a kunna, ba ita ke kunnawa ba, saƙo take turawa Windows mai kama da adireshin intanet wanda ya fara da steam:// da lambar gem ɗin, sai Steam ta farka ta duba lasisinka ta kunna. Kwaba ce mai gilashi, kana hango kayanka duka a jere amma makullin kowace durowa yana aljihun wani daban.

Gem ɗin da ka saya amma ba ka sauke ba fa? Wannan sai manhajar ta shiga akawun ɗinka ta tambayo, kuma a nan ake yawan samun tangarɗa. Galaxy ta samu haɗin kai a hukumance daga Xbox da Epic, amma mahaɗin Steam da na wasu da dama 'yan sa-kai ne suka rubuta, ba da yawun masu shagon ba. Duk ranar da shagon ya sauya yadda ake shiga akawun, ko ya ƙara wani matakin tsaro, mahaɗin ya tsinke kenan, sai a jira wani bawan Allah ya samu lokaci bayan ya taso daga aiki ya gyara. Ni ban ga laifin masu shagon sosai a nan ba ta fuskar tsaro, akawun mai gem ɗari uku dukiya ce kuma ɓarayi na farautarsa, amma kuma a faɗi gaskiya babu abin da zai sa su zage su gina wa abokin hamayya ƙofa mai kyau.

Heroic ta ɗan yi gaba da sauran. Ita ba tura saƙo take ba, tana amfani da wata manhaja mai suna Legendary da ke magana da sabar Epic (manyan kwamfutocinta da ke kan intanet) kai tsaye, ta sauke gem ta yi masa afdet ta kunna ba tare da manhajar Epic ta taɓa shiga kwamfutarka ba, haka take yi da GOG da Amazon. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Sai dai zaman lafiyarta ya dogara ne da kawaicin masu sabar, ranar da suka ga dama za su iya toshewa.

Yanzu maganar manhaja a kan manhaja, wadda ita ce ta fi ci wa mutane rai. Ka sayi gem na Ubisoft ko EA ko Rockstar a Steam, ka danna, maimakon gem sai wata taga ta faɗo, tana sauke afdet ɗin kanta, ta gama ta ce ka shiga akawun, ka manta fasawod, a tura maka lamba ta imel, ka dawo ka tarar tagar ta gaji da jira ta rufe. Mutum ya ware minti arba'in zai huta, rabi ya tafi a bakin ƙofa. Abin lura a nan shi ne ainihin abin da ke faruwa a bayan fage: Steam ce take gaya wa sabar Ubisoft cewa wannan mutumin ya biya, sai gem ɗin ya bayyana a akawun ɗinka na Ubisoft Connect. Ka ga kenan lasisi yana iya tashi daga wannan kamfani ya sauka a wancan cikin daƙiƙa, kullum ma yi ake. Hanya ɗaya dai yake bi, wadda ta yi wa mai gem ɗin daɗi.

Kuma shagon nan ba wurin biya ba ne kawai, wannan ne abin da masu cewa a haɗe a huta suke yawan tsallakewa. Kwafin gem na Steam da kwafinsa na Epic sau da yawa ba fayil iri ɗaya ba ne. Na Steam an ɗinke shi da Steamworks: lambobin yabo, ajiyar inda ka tsaya a sabar Valve, gayyatar aboki, haɗa 'yan wasa, Workshop inda ake ɗora gyare-gyaren da 'yan wasa suka yi da kansu. In ka leƙa folda ɗin gem ɗin za ka ga fayil mai suna steam_api64.dll, igiyar kenan. Shi ya sa ƙarin da ka saya a wani shago ba ya hawa kan uwar gem ɗin da ka saya a wani shagon, shi ya sa kuma a wasu gem ɗin kai da abokinka duk kuna kan kwamfuta amma ba ku ganin juna. Epic ta fito da Epic Online Services kyauta don mai haɗa gem ya yi amfani da shi a kowane shago, kuma ya taimaka wajen buga gem tare, amma wasu 'yan Steam na ganin sunan Epic a gem ɗin da suka saya sai su hau sama, ga shi wani lokacin wani akawun ne aka ƙara maka.

Sai uwa uba, mallaka. Abin da kake saye lasisi ne, izinin amfani, ba gem ɗin ba. Dama can haka yake rubuce a dogon sharaɗin nan da ba mai karantawa, amma tun da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shaguna su fayyace hakan, Steam ta fara rubuta shi ɓaro-ɓaro a shafin biya. A shekarar ne kuma Ubisoft ta kashe sabar The Crew ƙarshen watan Maris, gem ɗin ya daina aiki gaba ɗaya, daga baya ma aka cire lasisin daga akawun ɗin mutane, abin da ya haifar da gangamin Stop Killing Games (wato a daina kashe gem) na wani ɗan YouTube, Ross Scott, wanda takardar kokensa a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. In lasisin na akawun ɗinka ne a shago kaza, ba naka ba ne kai ɗan Adam, to me za a haɗe?

An taɓa gwadawa fa. GOG Connect da aka fara a 2016 yana ba ka damar haɗa akawun ɗin Steam ka karɓi kwafin wasu gem ɗin a GOG kyauta. Sai mai gem ya yarda, na 'yan kwanaki ne, jerin kuma bai taɓa yin tsawo ba, a ƙarshe aka rufe shi a farkon 2023. A harkar fina-finai an fi cin nasara, a Amurka akwai Movies Anywhere tun 2017, ka sayi fim a Apple ya bayyana a akawun ɗinka na Amazon, duk da can ma da aka fara Paramount da Lionsgate sun ƙi shiga. Amma fim fim ne, abu ɗaya ne a ko'ina, ba ya neman faci duk wata. Gem kuwa wani ya haura gigabait 100, ga afdet na shekaru, ga ajiya a saba, ga masu amsa koke. In ka biya Epic dala 60 ta ci la'adarta sannan ka zo ka sauke daga sabar Valve, wa zai biya Valve kuɗin hidimar? In kuwa aka ce dole ta ɗauka, to kowa zai je ya saya inda ya fi araha ya dawo ya zauna inda ya fi daɗi, shagon da ya kashe kuɗi wajen gyara manhajarsa shi zai kwana ciki. Wannan tambayar ba wanda ya amsa ta har yau, kuma ina ganin ita ce gaskiyar abin da ya tokare maganar, sauran duk ado ne.

Ko hayar kwamfuta ma ka buga abin da ka riga ka saya sai da aka yi rigima. GeForce Now na Nvidia haka yake aiki, ka haɗa akawun ɗinka na Steam ko Epic ka buga a kan na'urarsu ta intanet. Yana fitowa a hukumance a Fabrairun 2020 Activision Blizzard ta janye gem ɗinta, Bethesda ta bi baya, 2K ma haka. Kuɗinka ne, gem ɗin da ka saya ne, amma sai da izinin mai shi.

Abin dariyar shi ne ana can ana muhawara, haɗewar tana faruwa da kanta ta hanyar da ba a tsara ba: kowa na komawa Steam. EA ta dawo a 2019. Microsoft ta kawo Halo a shekarar. Bethesda ta rufe manhajarta a 2022 ta ba mutane damar kwashe gem ɗinsu zuwa Steam, Call of Duty ya dawo a 2022, Ubisoft ta dawo, Blizzard da ta shekara fiye da ashirin a gidanta na Battle.net ta kawo Overwatch 2 da Diablo IV a 2023. Dalili bai wuce inda jama'a suke ba, a 2025 Steam ta haura mutum miliyan 40 a kan layi lokaci guda. Ga kuma Steam Deck, na'urar hannu ta Valve, da ya fito a 2022, wanda gem ɗin Steam ke tashi a kansa da dannawa ɗaya, na sauran shaguna kuwa sai ka yi 'yan dabaru. Akwai ma wani salon haɗewar da ya daɗe yana aiki shiru: makullan Steam, wato lambobin da in ka shigar a Steam gem zai shiga akawun ɗinka. Mai gem zai karɓi makullai daga Valve ya sayar a shaguna irin su Humble ko Fanatical ko Green Man Gaming, Valve ba ta cin ko sisi a wannan cinikin, amma mai saye a Steam zai ƙare. Shaguna da yawa, ɗakin ajiya ɗaya. Wayo ne mai kyau, an yafe la'adar yau an kama kwastoman gobe.

Mutane da yawa wannan ya ishe su, za su ce to a bar Steam ɗin mana tunda tana aiki. Ni a nan nake ja da baya. E, Valve ta yi abin a yaba, mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba, manhajar Proton da ta sa gem ɗin Windows ke tashi a Linux, sharhin masu saye da ba a ɓoyewa. Amma kamfani ne mai zaman kansa da ba ya kasuwar hannun jari, alkiblarsa tana hannun shugabansa Gabe Newell da 'yan mutane ƙalilan, kuma ba wanda ya ba ka tabbacin halin wanda zai gaje su. Ga ƙarar da Wolfire Games ta shigar a Amurka tun 2021 tana zargin Valve da hana masu gem sayar da hajarsu da araha a wasu shagunan, wadda a 2024 alƙali ya amince ta zama ƙarar gayya a madadin masu haɗa gem da yawa. Zargi ne, Valve ta musanta. Kuma ko mutum ba ya ƙaunar Epic, bayan shigowarta ne Microsoft ta sauke la'adar shagonta na kwamfuta zuwa kashi 12 a 2021, ita Epic ɗin ma a 2025 ta ce dala miliyan ɗaya ta farko da gem ya samu a shekara ba za ta taɓa ko kwabo ba. Shago ɗaya tilo ba zai taɓa yi wa kansa irin wannan ragin ba. Gaba kura baya siyaki kenan: a bar su da yawa a sha wahalar manhajoji, a bar ɗaya a rasa mai taka masa burki.

Abin da nake ganin ya fi kama hankali ba shago ɗaya ba ne, a bar shagunan su yi ta gasa, amma a tilasta abu biyu. Kowane shago ya buɗe ƙofa a hukumance da manhajar da ka zaɓa za ta iya ganin jerinka ta sauke ta kunna, yadda Heroic take yi yanzu a kan alfarma. Sannan rajistar wa ya sayi me ta zauna a wurin mai gem ɗin ko wani wuri na tsakiya, in za ka ƙaura ka biya ɗan kuɗin hidima ga shagon da zai ɗauke ka. GOG ta riga ta nuna wani ɓangare na wannan, tunda gem ɗinta ba su da makullin DRM mai duba lasisi kafin gem ya tashi, kana iya sauke fayil ɗin sakawa ka adana a ma'ajiyar kwamfutarka, ko shagon ya rufe gobe naka na nan, sai dai manyan kamfanoni da yawa ba sa kai sabbin gem ɗinsu can saboda wannan dalilin dai.

Da wuya kamfanonin su yi haka don Allah, sai dai doka. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu shagunan manhaja a iPhone a ƙarƙashin dokarta ta kasuwannin dijital, har Epic ta samu shiga a 2024. Amma waccan dokar ta manyan kamfanonin da aka ayyana a matsayin masu tsaron ƙofar kasuwa ce, Valve ba ta cikin jerin, kuma a kwamfuta hujjar ma ta fi wuyar kafawa, don Windows ba ta hana kowa saka shagon da ya ga dama ba.